Ordinatar Rabo da Zuri'ar Ɗangoggo

Mako uku kacal Rabo ya yi a Maraɗi yana koyon ordinatar, wato kwamfuta, amma da ya dawo Dakoro sai ka rantse shi ya ƙera ta. Ya sayi tabarau alhali idonsa lafiya lau, ya rataya jakar na'urar a kafaɗa, ko aski zai je da ita yake zuwa. In ka ce masa "Rabo" ba ya waiwayowa, sai ka ce "Injiniya".

Duk wannan hura hancin saboda mutum ɗaya ne, wato Lailatu, malamar lakwal, makarantar boko ke nan, 'yar Elhaji Mamani. Shekara biyu Rabo yana zarya ƙofar gidansu. Ita ba ta ƙi shi ba, don in ka cire cika baki, Rabo mutum ne mai kirki. Elhaji ne ya kafe a kan ba ya ba da 'ya ga wanda ba a san sana'arsa ba, ko da kuwa ɗan dangi ne. Rabo kuwa ɗan dangi ne, don mahaifinsa da Elhaji kakansu ɗaya, wani manomi da ake kira Ɗangoggo.

Bana, da aka gama girbin hatsi, Elhaji ya kira taron zumunci na duk zuri'ar Ɗangoggo, na Dakoro da na Korahan da Ajekoriya har Badar Gula. Yana so a rubuta kowa, sunansa da garinsa da sana'arsa, a ba kowa kart, wato katin shaida, don yaran yanzu sai su haɗu da ɗan'uwansu a tasha su yi faɗa ba su san juna ba. Yana cikin faɗar haka a zaure Rabo ya gyara tabarau.

"Baba, mutum nawa ne?"

"Sun yi ɗari uku."

"Ɗari uku? Ni na ɗauka aiki ne. Kafin ordinatar ta yi zafi na gama."

Elhaji ya dube shi sama da ƙasa. "To. In ka yi wanga aiki, na ga sana'a. Ran da anka watse taro ka turo magabatanka. In ka kunyata ni gaban dangi kuwa, ko inuwar zauren ga kar ka sake sha."

"Baba, ka fara ɗinka babbar riga kawai," in ji Rabo.

Ga dabarar da ya ƙulla. A cikin program ɗinsa, wato tsarin da zai rubuta wa na'urar, kowane mutum akwati ne mai gurabe: gurbin suna, na laƙabi, na gari, na sana'a. To mutum ɗari uku kowa da gurabensa, rubutu ne mai karya yatsa, Rabo kuwa ba ya son wahala. Sai ya ce ai yawancin abin da ɗa yake da shi na ubansa ne. Ɗan manomi manomi ne, ɗan Korahan a Korahan yake. Me zai hana ɗa ya gaji akwatin uba?

Sai dai harshen ordinatar da aka koya masa bai san gado ba, kowane akwati zaman kansa yake yi. Malaminsu na Maraɗi ya taɓa nuna musu yadda ake yi wa abin wayo, a cusa akwati cikin akwati. Ya kuma ja musu kunne a kan wani abu, amma daidai lokacin Rabo ya fita amsa waya. Saboda haka ya cusa akwatin uba cikin na ɗa, ya ƙara da na uwa don kar a ce ya yi son kai, ya kafa doka guda: duk gurbin da na'ura ta tarar babu komai, ta hau sama ta ɗauko na iyaye. In can ma babu, ta ƙara hawa.

Ya ari moto, wato babur, ya shiga ƙauyuka ɗaukar sunaye. A Korahan ya tarar da Inna Hawwa'u, matar wani baffansa na nesa, tana suyar ƙuli-ƙuli. Aka gaisa, ya buɗe ordinatar bisa turmi.

"Inna, sunan mai gidanki?"

Ta ajiye matsami ta dube shi. "Kai ɗan nan, ba ka da kunya? Ni ce zan kama sunanshi?"

"To ɗanki na fari?"

"Wancan."

"Wancan wa?"

"Wanda ya tahi kokawa Ajekoriya."

"Sana'arsa kokawa ke nan."

"Kokawa sana'a ce? Kar ka rubuta mini wanga abin kunya."

"To na biyun fa?"

"Sunan surukina anka sa mishi. Shi ma ba ni faɗi."

Haka ya yi ta fama gida gida, don lokacin maza duk suna gona wurin ɗaurin damma, mata kawai yake tararwa. Wannan ba ta faɗin sunan miji, waccan ba ta faɗin na ɗan fari, wata kuwa har sunan da ya yi kama da na suruki sai ta kauce masa. Da Rabo ya leƙa katanga ya tambayi maƙwabta, da an gaya masa sunayen har da na awaki. Amma injiniya ba ya leƙa katanga. Duk inda aka ƙi faɗa sai ya bar gurbin fayau, ya ce, "Ba komai, Inna, na'ura za ta nemo da kanta."

Inna Hawwa'u ta ce, "In ta nemo, kar ta faɗa gabana."

Da ya dawo Dakoro ya kunna program, sai na'urar ta ƙi tafiya, ta cika fuska da jan rubutu. Lailatu ta biyo daga lakwal da alli a hannun riga, ta tarar da shi a shagon abokinsa inda yake samun kuran, wato wutar lantarki, yana ta dannawa kamar mai kashe kiyashi.

"Mi ta ce?"

"Wai gurbin suna biyu ta gani, na uba da na uwa. Wai wanne za ta ɗauka."

"Yo ai tambaya ce mai kyau."

"Tsoro ne ya yi mata yawa. Bari ki gani."

Ya rubuta mata umarni: uba ne gaba. Jan rubutu ya ɓace. Don ya burge Lailatu, kart ɗinta ya fara bugawa, a takarda mai kauri, har da furanni a gefe. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Elhaji Lailatu."

"Iye?"

"Haka ka rubuta. Ni ko Yamai ban taɓa zuwa ba, ka kai ni Makka. Kuma ko na je, ai Hajiya zan dawo."

Rabo ya karɓa ya duba. Lailatu ba ta da laƙabi, gurbin ya zauna babu komai, na'ura ta hau ta ɗauko na ubanta. Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce wannan ai shaida ce gadon yana aiki, saiti kawai ya rage. Nan take ya juya dokar: uwa ce gaba.

Ranar kasuwa sai ga wani ƙato ya tsaya ƙofar shagon, ya tare hasken rana gaba ɗaya. Wuyansa ya kai kaurin turmi. Shi ne Amiru ɗan kokawa, ɗan farin Inna Hawwa'u, ya ji labarin ana buga kart ya zo ganin nasa. Rabo ya danna, na'urar bugawa ta tofo takarda, ya miƙa ba tare da ya duba ba. Amiru bai yi lakwal ba, sai ya ba ɗaya daga cikin 'yan fada, samarin majalisar da ke shan shayi a bakin shagon ya karanta masa. Shi kuwa ya gyara murya, ya karanta yadda har masu sayar da albasa za su ji.

"Suna, Hawwa'u. Sana'a, ƙuli-ƙuli."

Wani ya ƙware da shayi.

Amiru ya shiga shagon, ya sunkuya, ya ɗaga Rabo tare da kujerarsa har hular Rabo ta taɓa kwano.

"Wa ke ƙuli-ƙuli?"

"Ɗan'uwa, kuskuren saiti ne."

"Ni da na kada mutum bakwai a Ajekoriya?"

"Shi ya sa na ce a rubuta kokawa, Inna ce ta hana!"

"Kuma ka kama sunan uwata a kasuwa."

"Ba ni ba ne, na'ura ce. Sauke ni in gyara, hannuna ba ya kaiwa daga nan."

Amiru ya sauke shi, ba a hankali ba. Kafin la'asar duk kasuwar Dakoro ta ji, har wasu marasa tsoron Allah suna tambayar Amiru ko akwai mai sikari, amma daga nesa suke tambaya.

Rabo ya yi gyara na uku, wanda ya ce shi ne na ƙarshe: namiji ya bi akwatin ubansa, mace ta bi na uwarta. Ya kira Lailatu ya nuna mata. Yanzu kart ɗinta ya fito tsaf, babu Elhaji, don mahaifiyarta ba ta da laƙabi.

Lailatu ba ta yi murna ba. Ta ce, "Rabo, matsalar ba uwa ba ce, ba uba ba ce. Wani gurbin in ka gan shi babu komai, babun ita ce amsa. Wanda bai je hajji ba, bai je ba. Ba sai an aro mishi na wani ba."

"Ke alli kika sani."

"Na ji. Amma ka hau moto ka koma ka tambayo sunayen nan wurin maza. Kwana huɗu ya rage."

"In koma in yi aikin da na'ura ke yi? To mi ya kai ni Maraɗi?"

Ta dube shi, ranta a ɓace, don da gaske take son auren nan. Ta ce, "Ni dai na gaya maka," ta ɗauki jakarta ta tafi.

Ranar taro aka kafa rumfuna uku a ƙofar gidan Elhaji, aka shimfiɗa tabarmi, aka yanka sa. Motocin ƙauye suka yi ta sauke mutane, wasu a amalanke, wasu a raƙumi. Da hantsi, saura kaɗan a fara, Elhaji ya kira Rabo gefe.

"Na manta abu guda. Kafin a raba kart, ina so a yi wa mamatanmu addu'a, a kira su ɗaya ɗaya. Na'urarka tana iyawa?"

"Baba, wannan ai ko barci nake yi."

Ya ƙara sabon gurbi a akwatin, gurbin shekarar rasuwa. Elhaji ya lissafo mamata ashirin da shida, Rabo ya cika musu. Ya ba da umarni: duk wanda aka samu shekara a gurbinsa, a sa masa "marigayi" a buga. Na'urar bugawa ta kama aiki. Ta ɗan jima tana yi, ta ci takarda fiye da yadda mutum ashirin da shida za su ci, amma Rabo yana gaban madubin moto yana karya hula. Ya tattara takardun ya kai wa Malam Ɗayyabu.

Malam Ɗayyabu tsohon malamin lakwal ne da ya ajiye aiki ya zama limamin unguwa, shi ma jikan Ɗangoggo ne. Mutum ne da in ka ba shi takarda zai karanta ta har ƙarshe, ba ya tsallake ko ɗigo. Ya karɓi mikro, jama'a suka ɗaga hannuwa.

"Marigayi Ɗangoggo. Allah shi jiƙan shi."

"Amin."

Ya bi 'ya'yan Ɗangoggo biyar, duk sun daɗe a ƙasa. Amin tana tashi tana sauka, jama'a sun sunkuyar da kai, tsofaffi suna share ido. Rabo yana tsaye gefen rumfa da jakarsa, yana satar kallon wajen mata ko Lailatu tana ganinsa.

"Marigayi Elhaji Mamani. Allah shi jiƙan shi."

"Amin," in ji mutum ɗari uku. Har da Elhaji Mamani, wanda ke zaune a sahun gaba bisa kujerar roba. Sai da amin ɗin ta fita bakinsa sannan ya buɗe ido.

Malam Ɗayyabu bai ɗaga kai ba. "Ya rasu shekara arba'in da ɗaya da ta wuce."

Shekarar da mahaifin Elhaji ya rasu ke nan. Elhaji yana da rai, gurbinsa babu komai, na'ura ta hau sama ta ɗauko masa mutuwar ubansa.

Malam ya ci gaba. Ya kira ƙanen Elhaji da ke riƙe da buta. Ya kira wani da ya fito daga Badar Gula tun asuba a kan raƙumi. Ya kira wani saurayi ɗan shekara ashirin, ya ce ya rasu shekara talatin da ta wuce. Amin ta fara raguwa, ta koma ta mutum goma, ta koma ta wani tsoho guda mai nauyin kunne a can baya. Daga nan aka shiga mutanen Korahan, waɗanda matansu suka ƙi faɗin sunayensu, na'ura ta yi ta hawa neman suna har ta ƙure a kan kakan kowa.

"Marigayi Ɗangoggo. Marigayi Ɗangoggo. Marigayi Ɗangoggo."

Wata tsohuwa ta ce, "Wai sau nawa bawan Allahn nan ya mutu?"

Malam ya juya shafi. Nan ne ya tsaya a karon farko. Ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, ya mayar, ya kusanto da takardar.

"Marigayi Malam Ɗayyabu." Ya ɗaga kai ya dubi jama'a. "To, wannan kam ban ji labari ba."

Sai wuri ya kacame. Masu salati suna yi, masu dariya suna riƙe ciki, wata mata ta janyo mijinta ta rigar tana taɓa goshinsa. Amiru ya miƙe yana nannaɗe hannun riga, sai da mutum huɗu suka rirriƙe shi. Inna Hawwa'u ta ɗaga murya daga wajen mata.

"Malam, mu fa? Muna ciki?"

Malam ya bi shafukan da yatsa, a tsanake. Babu ita. Babu duk matan da aka auro daga waje, don Rabo bai shigar da iyayensu ba, na'ura ba ta sami inda za ta hau ba. 'Ya'yansu mata ma sun tsira, tunda uwa suke bi.

"Ke kina nan da ranki, Hawwa'u. Sai dai takaba ta kama ki. Ke da duk na kusa da ke."

Samba, wani Bafillace da ke auren 'yar gidan, ya leƙa takardar ta kafaɗar Malam, ya tambaya ko yana ciki. Aka ce ba ya ciki. Ya gyara sandarsa a wuya ya dubi rumfar maza. "Ashe ni kaɗai na rage. To a nuna mini inda shanun suke."

Rabo ya ga abin yana neman fin ƙarfinsa, ya ruga ya karɓe mikro.

"Jama'a, a kwantar da hankali! Wannan ba kuskure ba ne, gado ne. Na'ura ta yi daidai abin da aka ce ta yi. Gurbin da babu komai..."

"Rabo," in ji Elhaji. Bai ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit. "Ni na gaji gona wurin ubana, na gaji rijiya. Ban san har kabarinshi ka raba muna ba."

"Baba, minti biyar zan gyara."

"Gyara na nawa ke nan?"



Elhaji ya juya wurin limamin. "Malam, duba mini. Shi injiniyan shina ciki?"

Malam ya lashi yatsa ya juya shafi biyu. "Ga shi. Marigayi Rabo. Shekara tara ke nan."

"Ɗiyata Lailatu fa?"

Malam ya duba har shafin ƙarshe. "Ba ta ciki. Tana da ranta."

Elhaji ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin hatsi. Ya ce, "To, ka ji. Na ce ka turo magabatanka, ga su nan zaune duk sun rasu. Ni da zan ba ka, na riga su. Kai mai neman, shekararka tara a ƙasa. Yarinya kuwa da ranta. Ban taɓa jin inda anka ɗaura irin wanga aure ba, kuma ba a gidana za a fara ba." Ya juya ga jama'a. "A kawo abinci. Mamata ma sun ji yunwa."

Aka shiga hidimar tuwo da nama, kowa yana ba na kusa da shi labarin yadda ya ji sunansa. Babu wanda ya sake tambayar kart. Rabo ya tsaya riƙe da mikro da aka riga aka cire wa waya, gumi yana bin tabaransa. A ransa ba dariyar mutane ce ta dame shi ba, ya saba da ita. Ƙofar zauren nan yake kallo, wadda ya yi shekara biyu yana tsayawa a bakinta.

Can sai ga Lailatu ta fito da ƙwaryar fura za ta kai rumfar baƙi. Ya sha gabanta daidai inda 'yan fada suka baje tabarmarsu.

"Lailatu, ki yi wa Baba magana. Layi ɗaya ne kawai zan canza, wallahi layi ɗaya."

Ta tsaya. Idonta ya yi ja, da gani ta yi kuka a ɗaki ta wanke fuska. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta gyara riƙon ƙwaryar.

"Allah shi jiƙanka, Rabo," ta ce. "Kana da kirki."

Ta ratse shi ta wuce. 'Yan fada suka ajiye kofunan shayi, suka shafa, suka ce amin.